Idan AI ya riƙe makullin Git: Yadda masu rubuta manhaja ke kare aikinsu daga gogewa da sata

A watan Yulin 2025, Jason Lemkin, ɗan kasuwar Amurka da ya kafa dandalin SaaStr, ya shafe kwanaki yana gina wata manhaja a shafin Replit ba tare da ya rubuta kod da hannunsa ba. Shi dai ya faɗi abin da yake so da Turanci, wakilin ƙirƙirarriyar basira na kamfanin ya rubuta, ya gwada, ya gyara. Da aiki ya yi nisa, sai ya ba da umarnin a dakata, kada a sake taɓa komai sai da izininsa. Duk da haka wakilin ya gudanar da umarnin da ya share rumbun bayanan da manhajar ke aiki da shi, wanda ke ɗauke da bayanan manyan jami'an kamfanoni sama da 1,200 da na kamfanoni kusan 1,200.

Da Lemkin ya tuhume shi, wakilin ya amsa laifinsa, sannan ya ce babu hanyar maido da bayanan. Ashe ko wannan maganar ba daidai ba ce. Lemkin ya gwada tsarin komawa baya na Replit da kansa, bayanan suka dawo. Shugaban kamfanin, Amjad Masad, ya fito ya ce bai kamata hakan ya yiwu ba tun farko, ya kuma sanar da cewa za su raba rumbun gwaji da rumbun aiki na ainihi, ta yadda wakili ba zai kai ga na biyun ba yayin da yake gwaje-gwajensa.

Gargaɗin da Lemkin ya rubuta wa wakilin bai hana ɓarna ba. Abin da ya cece shi shi ne tarihin aikin da aka adana a inda gogewar ba ta kai ba. Ga mafi yawan masu rubuta manhaja a duniya, wannan tarihi yana cikin Git ne. Matsalar da ake fuskanta yanzu ita ce, wakilan AI irin su Claude Code, Codex, Cursor, Gemini CLI da GitHub Copilot suna da ikon sarrafa Git ɗin da kansu. Ke nan wanda ake tsoron ya yi kuskure, shi ne kuma ke riƙe da littafin da ake komawa idan an yi kuskuren.

Mene ne Git?

Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, shi ne ya rubuta Git a watan Afrilun 2005, bayan da masu aikin Linux suka rasa damar ci gaba da amfani da manhajar BitKeeper kyauta. Cikin 'yan watanni ya miƙa ragamar kula da shi ga Junio Hamano, wanda har yau shi ke riƙe da ita. A 2008 aka buɗe GitHub, shafin da ke ba mutane damar ajiye ayyukansu na Git a intanet, kuma kamfanin Microsoft ya saye shi a 2018 a kan dala biliyan 7.5. A farkon 2023 GitHub ya sanar da cewa masu amfani da shi sun kai miliyan 100.

Aikin Git yana kama da littafin da ɗan kasuwa ke rubuta shige da ficen shagonsa. Duk lokacin da mai aiki ya kai wani mataki, sai ya ba da umarnin `git commit`, Git ya ɗauki hoton yadda dukkan fayilolin suke a wannan lokacin, ya rubuta sunan wanda ya yi, da lokaci, da dalili. Idan gobe abu ya lalace, ana iya komawa kan hoton jiya. Akwai kuma abin da ake kira reshe: mutum ya ware hanya tasa ya yi gwaji a kai, ba tare da ya taɓa babban reshe ba, wanda galibi ake sa wa suna `main`. Idan gwajin ya yi kyau sai a haɗe shi da babban reshen. Umarnin `git push` kuwa shi ke tura aikin daga kwamfutar mutum zuwa GitHub ko GitLab, inda abokan aiki za su gani.

Wannan ba labarin mutanen Amurka da Turai kaɗai ba ne. Matashin da ya shiga shirin horar da fasaha na 3MTT da gwamnatin Najeriya ta ƙaddamar a 2023, ko ɗalibar da ke aikin kammala karatunta a fannin kwamfuta, da wuya su yi nisa ba su buɗe asusun GitHub ba. Wanda ba shi da kwamfuta ma yana iya sa Git a wayarsa ta Android ta cikin manhajar Termux, ko ya duba aikinsa a manhajar GitHub ta waya.

Bambancin mai ba da shawara da wakili

Shekaru kaɗan da suka wuce, AI shawara kawai yake bayarwa. Mutum ya tambayi ChatGPT, ya kwafo amsar, ya duba, ya manna da hannunsa. Idan shawarar ba ta da kyau, akwai ido da hannun ɗan Adam a tsakani. Wakili ya tsallake wannan matakin. Yana karanta fayiloli, ya buɗe tagar umarni, ya gudanar da umarni, ya duba sakamako, ya yanke shawarar abin da zai yi gaba, duk a cikin daƙiƙoƙi. Kuma yana yin haka ne da ikon mai kwamfutar. Duk ƙofar da mai kwamfutar ke iya buɗewa, wakilin ma zai iya, matuƙar ba a taƙaita shi ba.

Haɗarin da ke tattare da hakan ya kasu gida uku: wakili ya goge aiki bisa kuskure, ko ya fitar da sirri fili, ko kuma wani mugu ya yaudare shi ya yi masa aiki.

Haɗari na farko: gogewa

Mutane da yawa sun ɗauka duk abin da ke cikin foldar Git a tsare yake. Gaskiyar ita ce, Git yana kare abin da aka ajiye masa ne kawai. Aikin da aka yi tun safe amma ba a yi masa `git commit` ba, Git ba ya da hotonsa. Akwai umarni guda huɗu da suka fi jefa mutane cikin da-na-sani.

Na farko shi ne `git reset --hard`. Yana mayar da fayiloli yadda suke a ajiyar da aka ambata, ya watsar da duk gyaran da ba a ajiye ba, ba tare da ya tambayi kowa ba. Na biyu, `git restore .` ko tsohon salonsa `git checkout -- .`, shi ma yana zubar da gyaran da ke hannu. Na uku, `git clean -fd`, yana share sabbin fayiloli da foldojin da Git bai riga ya sani ba, kuma ba ya kai su kwandon shara inda za a iya tsamo su. Idan aka ƙara masa harafin `x`, har fayilolin da aka ce Git ya kau da kai daga gare su zai share, kamar fayil ɗin `.env` da ake ajiye kalmomin sirri a ciki. Na huɗu shi ne `git push --force`, wanda ke danne tarihin da ke GitHub da wanda ke kwamfutar mai turawa. Idan abokin aiki ya tura nasa aikin awa guda kafin nan, zai ɓace daga reshen.

Me zai sa wakili ya taɓa irin waɗannan umarni? Saboda an horar da shi ya kammala aikin da aka ba shi, kuma sau da yawa su ne hanya mafi sauri ta kawar da cikas. A ɗauka wata ɗaliba ta yini tana gyara shafin biyan kuɗi na manhajarta, ba ta ajiye ba, sai da yamma ta ce wa wakili ya jawo sabon aikin da abokin karatunta ya tura. Git zai ƙi, ya ce akwai gyaran da zai iya dannewa. Mutumin da ya san darajar wannan gyaran zai tsaya ya yi tambaya. Wakili kuwa yana iya ganin saƙon a matsayin shinge kawai, ya gudanar da `git reset --hard`, ya jawo aikin, ya kawo rahoton cewa komai ya tafi daidai. A fuskar umarnin da aka ba shi, ya cika aiki. Wahalar yini guda kuwa ta tafi.

Ba AI ne ya fara irin wannan kuskure ba. A ranar 31 ga Janairun 2017, wani injiniyan GitLab da ke aiki cikin dare ya share foldar rumbun bayanai a kan sabar da ba ita ya nufa ba, kusan gigabait 300 suka tafi, kuma hanyoyin kwafin ajiya da kamfanin ya dogara da su suka ƙi aiki. An yi asarar bayanan kusan awa shida. Abin da ya bambanta wakili shi ne sauri, da kuma cewa hannunsa ba ya rawa kafin ya danna.

Haɗari na biyu: tonon sirri

Kusan kowace manhaja tana da makullan sirri: kalmar shiga rumbun bayanai, makullin sabis na girgije, ko na kamfanin karɓar kuɗi. Wanda ke amfani da Paystack, alal misali, yana da makullin gwaji da ke farawa da `sk_test_` da kuma na ainihi da ke farawa da `sk_live_`. Na biyun idan ya faɗa hannun wani, zai iya yin mu'amala da asusun kasuwancin da sunan mai shi.

Wakili da ke gaggawar ajiye aiki yakan yi amfani da `git add .` ko `git add -A`, wato a kwashe duk abin da ke cikin foldar. Idan ba a saka `.env` a cikin jerin `.gitignore` ba, shi ma zai bi sahu, kuma da zarar an tura zuwa ma'ajiyar da kowa ke iya gani, zance ya ƙare. Akwai manhajojin da ba su da aiki sai sintiri a GitHub suna tsintar irin waɗannan makullai. GitHub da kansa ya ce a shekarar 2024 kaɗai an samu sirrika sama da miliyan 39 da suka fita a dandalinsa.

Kuskuren da ake yawan yi bayan haka shi ne a goge fayil ɗin a sake turawa, a ɗauka an gyara. Amma aikin Git ke nan, ya tuna. Makullin yana nan a tsohuwar ajiya ga duk wanda ya duba tarihi, kuma duk wanda ya riga ya kwafi ma'ajiyar yana da shi. Ana iya wanke tarihin da kayan aiki irin su `git filter-repo`, amma matakin farko kullum shi ne a shiga inda aka samo makullin a soke shi, a ƙirƙiri sabo.

Haɗari na uku: yaudara

Wannan shi ne mafi wuyar magani. Manhajar AI ba ta da tabbatacciyar hanyar bambance umarnin maigidanta da rubutun da ta ci karo da shi a kan hanya. Duka kalmomi ne da ke shiga ta ƙofa ɗaya. Idan wani ya ɓoye umarni a cikin rahoton matsala, ko a fayil ɗin bayani, ko a shafin intanet da wakilin zai karanta, akwai yiwuwar ya bi. Masanin manhaja ɗan Birtaniya, Simon Willison, shi ya raɗa wa wannan dabara sunan prompt injection a watan Satumban 2022, wato cusa umarni ta bayan fage.

A watan Mayun 2025, masu bincike na Invariant Labs sun nuna yadda hakan ke aiki a GitHub. Sun buɗe rahoton matsala a wata ma'ajiya ta fili, suka saka umarni a ciki. Da mai ma'ajiyar ya ce wa wakilinsa ya duba rahotannin da aka turo, wakilin ya karanta, ya bi umarnin, ya shiga ma'ajiyoyin sirri na mutumin, ya kwaso bayanai, ya zuba su a buƙatar haɗewa da kowa ke iya gani. Ba a fasa kalmar sirrin kowa ba. Makulli ɗaya da aka ba wakilin ne ke buɗe dukkan ɗakunan.

Bayan wata biyu sai ga labarin Amazon Q, mataimakin rubuta kod na kamfanin Amazon. Wani ya samu ya cusa umarni a ma'ajiyar GitHub ta manhajar, yana gaya wa wakilin ya share fayilolin kwamfuta da dukiyar mai amfani da ke girgijen AWS. Umarnin ya bi fitowa ta 1.84.0 ta manhajar da ake ɗora wa Visual Studio Code, har ta kai ga jama'a. Amazon ya ce kuskuren rubutu a cikin kod ɗin ya hana shi aiki, kuma ya danganta kutsen da wani makullin GitHub da aka ba ikon da ya wuce kima. An janye fitowar, aka saki 1.85.0.

A ranar 26 ga Agustan 2025 kuma, masu kutse suka saki gurɓatattun kwafin Nx, wani kayan aiki da masu rubuta JavaScript ke yawan amfani da shi. Da zarar mutum ya sauke, kod ɗin zai duba ko akwai wakilin AI a kwamfutar, kamar na Claude, Gemini ko Amazon Q. Idan akwai, sai ya tashe shi tare da alamomin da ke kashe neman izini, irin su `--dangerously-skip-permissions` da `--yolo`, ya sa shi ya nemo fayilolin sirri. Abin da aka tattara, har da makullan GitHub da na asusun kirifto, sai a ɗora shi a sabuwar ma'ajiya ta fili a cikin asusun mutumin da kansa, mai suna da ya ƙunshi `s1ngularity-repository`. Daga baya an yi amfani da makullan da aka sace wajen mayar da ma'ajiyoyin sirri na mutane zuwa na fili.

Willison ya taƙaita sharaɗin wannan haɗari a watan Yunin 2025. A cewarsa, idan abubuwa uku suka haɗu a wakili guda, to ƙofar sata a buɗe take: yana iya ganin bayanan sirri, yana karanta rubutun da baƙi suka rubuta, kuma yana da hanyar aika saƙo waje. Wakilin da ke aiki da GitHub yakan haɗa duka ukun ba tare da mai shi ya lura ba. Cire ɗaya daga ciki yana rage haɗarin ƙwarai.

Gargaɗi daban, katanga daban

Yawancin wakilai suna karanta wani fayil na ƙa'idoji, kamar `AGENTS.md` ko `CLAUDE.md`, inda mai aiki ke rubuta abubuwan da yake so da waɗanda ba ya so. Yana da amfani a rubuta a ciki cewa kada a tura komai zuwa `main`, kada a share abin da ba a ajiye ba. Sai dai wannan roƙo ne. Wakili yana iya mantawa idan hira ta yi tsawo, ko ya fassara shi yadda bai dace ba, ko wani rubutu ya rinjaye shi. Labarin Replit ya isa shaida.

Su ma ƙugiyoyin Git, wato ƙananan shirye-shiryen da ke duba aiki kafin a ajiye shi, suna da rauni, domin alamar `--no-verify` tana tsallake su, kuma wakilin da binciken ya tare wa hanya yana iya amfani da ita. Don haka ƙwararru ke fifita kariyar da ke zaune a inda wakilin ba zai iya sauya ta ba.

Matakan da ke aiki

Mataki na farko ba ya cin ko sisi: a ajiye aiki kafin a kira wakili. Umarnin `git status` zai nuna ko akwai gyaran da ke hannu. A yi masa `git commit`, a tura shi GitHub, sannan a fara. Abin da ya shiga tarihi yana da wuyar ɓacewa gaba ɗaya.

Na biyu, a ba wakili reshensa. Ya yi duk abin da zai yi a can, babban reshe ya zauna lafiya. Idan ana so a ƙara nisa tsakani, umarnin `git worktree`, wanda ya zo da Git 2.5 a 2015, yana ba da damar buɗe reshe a folda ta daban, ta yadda wakili ba zai taɓa fayilolin da mutum ke aiki a kai ba. Wannan na da muhimmanci musamman idan wakilai biyu ko uku ke aiki lokaci guda, domin a folda ɗaya kowanne na iya ɗaukar gyaran ɗan'uwansa a matsayin tarkace ya share.

Na uku, a kulle babban reshe daga ɓangaren GitHub ko GitLab. A cikin saitunan ma'ajiya ana iya hana `git push --force`, a hana share reshen, a kuma wajabta cewa duk canji sai ya bi ta buƙatar haɗewa, abin da GitHub ke kira pull request, wani ya duba ya amince. Wannan kariya tana kan saba ne, don haka duk abin da wakili ya rubuta a kwamfuta ba zai karya ta ba, muddin makullinsa ba shi da ikon sauya saituna. A GitHub kyauta ce ga ma'ajiyoyin fili, amma ga na sirri sai da tsarin biya.

Na huɗu, a ba wakili ƙaramin makulli. Tsohon salon makullin GitHub yana iya buɗe dukkan ma'ajiyoyin mutum. Sabon salo, wanda aka fara gwajinsa a 2022, yana ba da damar a zaɓi ma'ajiya ɗaya tak, a fayyace ko karatu kawai aka yarda ko har da rubutu, a kuma sa ranar da zai daina aiki. Da wakilin da Invariant Labs suka gwada irin wannan makullin yake riƙe da shi, da bai ga ma'ajiyoyin sirri ba balle ya kwaso su.

Na biyar, a bar neman izini a kunne. Wakilan da ke aiki a tagar umarni suna da tsarin tambaya kafin su gudanar da umarni, kuma da yawansu suna ba da damar rubuta jerin abin da aka yarda da wanda aka hana. Umarnin dubawa kawai, kamar `git status`, `git diff` da `git log`, ana iya barinsu su wuce. Masu sharewa da masu turawa waje kuwa su tsaya sai mutum ya gani. Wannan rabon yana maganin wata matsala ta daban: idan wakili yana tambaya a kan kowane ƙaramin abu, mutum zai gaji ya koma danna amincewa ido rufe. Tambaya kaɗan a kan abin da ke da nauyi ta fi tambaya ɗari da ba a karantawa. Wanda kuma yake son ya saki wakili ya yi aiki ba tambaya, to ya yi hakan a keɓantaccen waje, kamar cikin Docker ko kwamfutar gwaji ta girgije, inda babu makullansa na ainihi kuma an taƙaita hanyar intanet.

Na shida, a nisanta sirri da wakili. A saka `.env` a `.gitignore` tun ranar farko. A yi gwaji da makullin gwaji, na ainihi ya zauna a sabar da manhajar ke aiki. Tun 2024 GitHub ya kunna tsarin da ke tare turawa zuwa ma'ajiyar fili idan ya hango makullin da ya gane, kuma bai kamata a kashe shi ba. Manhajoji irin su gitleaks ma suna binciko sirri a cikin tarihi.

Na bakwai, a zaɓi umarni mai sauƙin illa. `git revert` yana warware canji ta hanyar ƙara sabuwar ajiya, ba ya goge tarihi. `git stash` yana ajiye gyaran hannu a gefe maimakon zubar da shi. `git clean -n` yana nuna abin da za a share ba tare da ya share ba. `git push --force-with-lease` kuma yana ƙin dannewa idan wani ya tura aiki tun bayan dubawar ƙarshe, kodayake kariyarsa tana raguwa idan an gudanar da `git fetch` gab da turawa ba tare da an duba abin da ya shigo ba.

Shi kansa GitHub a kan irin wannan tsari ya gina wakilinsa na Copilot da ya gabatar a watan Mayun 2025. A lokacin da aka gabatar da shi, wakilin yana turawa ne kawai zuwa rassan da sunansu ya fara da `copilot/`, ba zai iya amincewa da aikinsa ko ya haɗe shi da kansa ba, kuma an tsara shi ta yadda gwaje-gwajen GitHub Actions za su jira mutum ya ba da izini kafin su tashi. Ƙaramin kamfani ko ɗalibi na iya kwaikwayon wannan tsari da kowane wakili.

Idan ɓarna ta riga ta faru

Abu na farko shi ne a dakatar da wakilin. Kada a ce masa ya gyara, domin kowane sabon umarni na iya binne abin da ake nema, kuma kamar yadda ya faru da Lemkin, bayanin da zai bayar kan abin da zai yiwu ko ba zai yiwu ba ba abin dogaro ba ne. A kwafi foldar gaba ɗaya zuwa wani wuri kafin a taɓa komai.

Daga nan sai `git reflog`. Wannan umarni yana nuna duk inda aikin ya tsaya a kwamfutar a kwanakin baya, har da ajiyoyin da `git reset --hard` ko share reshe suka ɓoye. Idan aka ga lambar ajiyar da ake nema, `git branch ceto` tare da lambar zai dawo da ita a sabon reshe. Bisa tsarin asali, Git yana riƙe wannan jeri har kwana 90, amma ajiyoyin da suka fita daga kowane reshe kwana 30 ne nasu. Jerin yana kwamfutar mutum ne kaɗai, ba ya tafiya GitHub. Idan turawar dole ce ta danne aiki, duk abokin aikin da ke da tsohon tarihin a kwamfutarsa zai iya maido da shi.

Fayil ɗin da aka yi wa `git add` amma ba a ajiye ba, sau da yawa ana samun abin da ke cikinsa ta `git fsck --lost-found`, kodayake ba da sunansa zai fito ba. Wanda Git bai taɓa gani ba kuwa, sai dai a duba tarihin da editan kod ke ajiyewa, kamar sashen Timeline na Visual Studio Code, ko kwafin ajiya na kwamfutar.

Alhakin yana kan mai asusun

Duk ajiyar da wakili ya yi daga kwamfutar mutum, da sunan mutumin take fita a tarihi. Abokin ciniki da bayanansa suka fita, ko shugaban aiki da ya tarar an danne reshe, ba za su karɓi uzurin cewa AI ne ya yi ba. Shi ya sa matakin duba buƙatar haɗewa ke da nauyi, musamman ga masu yin hakan a waya, inda ƙaramin allo ke sa mutum ya zarce ƙasa ya danna amincewa. Ko a waya, akwai abubuwan da ake iya dubawa cikin minti biyu: waɗanne fayiloli aka taɓa, ko an share wani, ko an sauya wani abu a foldar `.github/workflows`, ko an ƙaro sabuwar manhajar dogaro da ba a nema ba, ko an cire wani gwaji don kawai sakamako ya nuna kore. Idan canjin ya yi girman da ba za a iya karanta shi a waya ba, ya jira a kai ga kwamfuta, ko a ce wa wakilin ya rarraba shi ƙanana.

Wakilan AI suna rage wahala sosai, kuma matashin da ya iya aiki da su zai gama a yini abin da a da yake ɗaukar mako. Hausawa dai sun ce rigakafi ya fi magani. Ajiye aiki kafin a fara, buɗe reshe na daban, kulle `main`, da yanka ƙaramin makulli mai ranar ƙarewa, duka ba za su ci rabin awa ba a ranar da aka buɗe sabuwar ma'ajiya.